Yadda Ake Canza Tsofaffin Tiyon Sanyaya Inji a Tsohon Jirgin Ruwan Shaƙatawa

A mota, in tiyon lagireto ya fashe, iyakarta ka gangara gefen titi ka jira inji ya huce. A jirgin ruwa lamarin ya wuce nan, domin akwai tiyon da bakinsa ɗaya a buɗe yake ga teku, can ƙasa da inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi. Kafa mai faɗin milimita 38 a zurfin santimita 60 tana shigo da fiye da lita 100 a minti ɗaya. Tan guda ke nan cikin minti goma, kuma ƙaramin famfon kwashe ruwan da ke gindin jirgi ba zai cim masa ba.

Tsofaffin injinan dizal irin su Perkins 6.354, Ford Lehman, Caterpillar 3208 da Detroit Diesel 6-71 suna iya shekara 40 suna aiki in ana kula da su. Roba ba ta da wannan tsawon rai. Tiyon da ya kai shekara goma ya ci lokacinsa, wanda kuma ba ka san shekarunsa ba ka ɗauka ya wuce goman. Aikin canza shi ba ya buƙatar gwaninta ta musamman. Abin da yake ci shi ne haƙuri, da yarda cewa za ka yini a durƙushe a wuri matsattse.

Ka fara sanin hanyoyin ruwan

Yawancin waɗannan injina suna da hanyoyin ruwa biyu da ba sa gauraya. Ta farko rufaffiya ce, irin ta mota: ruwan sanyaya inji mai magani yana zagaye cikin bulok da kan silinda, ya bi ta tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, ya dawo. Bambancin shi ne babu lagireto mai shan iska. A madadinsa akwai wata ganga mai ɗauke da siraran bututu a ciki, wadda zan riƙa kira gangar sanyaya. Ruwan inji yana kewaye bututun ta waje, ruwan teku yana ratsa su ta ciki yana kwashe zafin.

Hanya ta biyu ita ce ta ruwan teku. Yana shigowa ta bawul ɗin da ke gindin jirgi, ya bi ta matata da ke tare ciyawa da yashi, ya isa famfo mai farfelar roba, ya ratsa masu sanyaya baƙin mai da man giya, ya shiga gangar sanyaya, daga nan a fesa shi cikin gwiwar salansa ya haɗu da hayaƙi su fita tare. Jerin yakan ɗan bambanta daga inji zuwa inji.

Ɗauki tocila ka bi kowace hanya da hannunka daga farko zuwa ƙarshe. Ka ɗauki hoto ta kowace fuska, ka liƙa wa kowane tiyo lamba, ka zana taswira a takarda ko da zanen ya yi muni. Kada ka manta da siraran tiyo biyun da ke tafiya zuwa tankin ruwan zafi na wanka, waɗanda sukan ɓace a bayan katako, da ɗan ƙaramin da ke kai ruwa wurin da sandar farfelar da ke tura jirgi ke ratsa jikinsa, in jirginka yana da shi. Su ake mantawa da su, su ne kuma sukan fi kowa tsufa.

Wanne ne ya mutu?

Inji yana sanyi, ka matsa kowane tiyo da yatsu. Lafiyayye yana da ƙarfi amma yana lotsawa ya dawo. Wanda ya bushe kamar itace, ko ka ji yana ƙas-ƙas a ciki, ya gama. Haka wanda ya yi laushi kamar soso, ko ya kumbura a bayan kilif, zoben ƙarfen da ke matse bakinsa. Laushi da kumburi sau da yawa alama ce ta baƙin mai ko dizal da ke ɗiga a kansa, saboda haka ka nemo inda man ke fitowa, in ba haka ba sabon ma haka zai ƙare.

Ka fi mai da hankali ga santimita biyar na kusa da kowane baki. A hanyar rufaffiya, ƙarafa daban-daban da ruwan magani suna haifar da wata 'yar wutar lantarki da ke tsattsaga robar daga ciki, kuma a nan kusa da ƙarfe take farawa. Waje sumul, ciki ya rarake. A hanyar ruwan teku kuwa, jan layin tsatsa da ke zagaye jikin tiyo yana nufin wayar da ke cikinsa ta ruɓe. Farin gishiri a gefen kilif yana nufin an daɗe ana yoyo a ɓoye.

Ra'ayina shi ne, in biyu ko uku sun nuna alama, a canza duka. Tare aka saka su, zafi ɗaya suka sha.

Sayen kaya

A nan mutane ke yin kuskuren da ya fi tsada, domin a ido duk tiyo baƙi ne. Daga bawul ɗin gindi zuwa matata, da daga matata zuwa famfo, tsotsa ake yi, don haka dole tiyon ya zama mai waya a ciki. Mara waya yana iya yi maka aiki lafiya a tashar jirage, amma ka ba inji wuta, ko ciyawa ta ɗan toshe matata, sai ya shafe ya hana ruwa wucewa. Kana rage wuta ya koma daidai, ka yi ta neman dalilin zafin inji ba ka gani.

Na hanyar rufaffiya ana yinsa da robar EPDM, kuma za ka ga lambar inganci SAE J20 a rubuce a jikinsa. Na salansa mai ɗaukar hayaƙi da ruwa tare yana ɗauke da SAE J2006 ko ISO 13363. Kada ka sa ɗaya a gurbin ɗaya. Tiyon leda mai haske da ake ganin ruwa ta cikinsa ba shi da wuri a ƙasan matakin ruwa, wato inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, ko kusa da zafin inji. Na silikon yana jure zafi sosai, sai dai yana da saurin yankewa kuma yana buƙatar kilif mai santsin ciki.

Gajerun tiyo masu lanƙwasa da ke jikin injin kansa, waɗanda aka ƙera da siffarsu, ka nema da lambar kayan gyara ta kamfanin injin. In an daina yinsu, ka tafi da tsohon a gwada, ko ka haɗa gwiwa da miƙaƙƙen tiyo ta hanyar gajeren bututu mai tudu a baki. Kada ka tilasta wa miƙaƙƙen tiyo kwanar da ta fi ƙarfinsa, zai karye ciki ya rage ruwa.

Wajen awo, bakin ƙarfen da tiyo ke hawa za ka auna, domin tsohon tiyo ya riga ya buɗe. Milimita 19 daidai take da inci uku bisa huɗu, 25 inci ɗaya, 32 inci ɗaya da kwata, 38 inci ɗaya da rabi. Akwai kuma injinan Turai masu awo irin 22 ko 28 ko 35, kuma "ai ya kusa" ba ta aiki a nan. Tiyon da ya fi bakinsa girma, ko ka ɗaure shi da kilif uku zai nemi hanyar yoyo. Ka sayi tsawon da ya ɗan zarce buƙata.

Sai kilif, wato zoben ƙarfen da ke matse bakin tiyo. Ka sayi sababbi gaba ɗaya, na ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, har da sukurun. Masu araha sukan zo da zobe mai kyau da sukuru na ƙarfen banza, sukurun ya ruɓe zoben ya saki. Kai maganaɗisu kusa da sukurun: in ya cafke da ƙarfi, ajiye shi. Wanda aka danna wa haƙora a jiki, cikinsa sumul kuma gefensa a lanƙwashe, ya fi mai huda-huda, domin hudar tana cin roba kuma daga nan zoben ke tsinkewa. Manyan tiyon salansa suna son kilif mai noti da ƙusa.

Kayan aiki ba su da yawa: soket ko direban noti na milimita 7 da 8, ƙugiyar cire tiyo, wuƙa mai kaifi, filayar yanka waya, na'urar hura iska mai zafi, sanfefa mai laushi, ɗan madubi, bokiti, tsummoki, da turakun katako masu tsini na toshe kafa.

Kafin ka kwance komai

In za ka iya haɗa aikin da lokacin da aka ɗaga jirgi kan tudu, hankalinka zai fi kwanciya. In a ruwa yake, komai ya rataya a kan bawul ɗin gindi. Hannunsa in ya yi layi ɗaya da bututu a buɗe yake, in ya gitta a rufe. Rufe shi, sannan ka sassauta murfin matata a hankali ka gani ko ruwa ya tsaya. In yana ci gaba da zuwa, ko hannun ya ƙi motsi, ko bawul ɗin irin mai kan murɗawa ne kamar famfon gida, ka dakata da tiyon da ke haɗe da bawul ɗin har a fitar da jirgi. Kada ka sa bututu a hannun bawul ɗin da ya cije don ƙarin ƙarfi. Garin neman gira za a rasa ido.

Ajiye turken katako daidai girman kafar kusa da hannunka. Kashe babban makunnin batir, ka rataye mukullin inji a hannun bawul ɗin da ka rufe. Wannan 'yar dabara ta ceci farfelar roba da yawa, domin famfon da ya juya ba ruwa yana ƙone farfelarsa cikin ɗan lokaci kaɗan.

Sai inji ya huce sarai za ka buɗe murfin ruwa. Tsiyaye ruwan magani ta magudanar bulok da ta gangar sanyaya zuwa cikin jarka, ka lura da yawan litar da ta fito, za ka buƙaci lissafin nan gaba. Kada ka bari ya zube a gindin jirgi inda famfo zai watsa shi teku. Guba ne mai zaƙi, yana kashe dabba da yaro, saboda haka a rufe shi a kai inda ake karɓar irinsa.

Cire tsohon

Ɗaya bayan ɗaya. Ka cire, ka saka sabo, ka ɗaure, sannan ka matsa gaba. Wanda ya kwance duka a lokaci guda, da yamma zai tsaya yana kallon bakuna goma sha biyu bai san wa ke auren wa ba.

Sassauta kilif ka ja shi baya. Tiyon da ya shekara ashirin a wuri ɗaya ya manne kamar an yi masa walda, kuma abin da zuciya za ta ce maka shi ne ka kama shi da hannu biyu ka murɗa. Kada ka yi. Wuyan gangar sanyaya siriri ne, an liƙa shi ne da dalma ko makamancinta, bakin matata kuma wani lokaci roba ce mai tauri da ta tsufa. In ka karya ɗayansu, ka yi gyaran gangar Auzinawa.

Hura masa iska mai zafi har ya yi laushi, kana nesa da tiyon mai da wayoyi. Zura ƙugiya tsakanin roba da ƙarfe, ka zagaya da ita a hankali har mannewar ta saki. In ya ƙi, tunda dai jefar da shi za ka yi, tsaga shi a tsaye da wuƙa daga baki zuwa inda ƙarfen ya ƙare. Kada ka nutsa wuƙar har ƙasa. Ka yanka kusan duka kaurin, ka ƙarasa da ɓarewa kamar bawo. Zane ɗaya a tsaye a jikin ƙarfe mai laushi ya isa ya zama hanyar ruwa har abada. Mai waya kuwa, ka yanka robar, ka datse wayar da filaya zagaye bayan zagaye, ka kula da tsininta domin tana shiga yatsa ba sallama.

Kada ka yar da tsohon tukuna. Shi ne ma'aunin sabon. Ka kuma leƙa cikinsa. In ka ga gutsuren baƙar roba, fiffiken tsohuwar farfela ne, kuma 'yan uwansa suna nan maƙale a bakin gangar sanyaya ko mai sanyaya mai. Ka buɗe ka kwashe su tun hanya tana buɗe.

Bakin ƙarfen

Wannan matakin ne ake tsallakewa, alhali shi ke raba aikin da zai daɗe da wanda zai fara ɗiga bayan wata guda. Goge kowane baki da sanfefa, kana zagayawa da ita, har ragowar roba da gishiri su fita. Sannan ka duba da madubi har ƙasansa. Tagullar da ta koma ruwan hoda ta rasa zinkin da ke cikinta, ta zama gautsi, canza ta. Bakin alminiyon da ya yi ramuka, in ƙanana ne ana iya cikewa a goge, in ya ci har gefe sai sabo. Gwiwar salansa ta baƙin ƙarfe takan toshe da tsatsa da baƙin hayaƙi a daidai inda ruwa ke shiga, ka zura waya ka tabbatar a buɗe take.

Tunda kana wurin, kwance sandar zinkin da ke jikin gangar sanyaya, wadda ke cinyewa a madadin ƙarfen gangar. In ta cinye rabi, sa sabuwa. Farfelar famfo ma wannan ne lokacinta.

Saka sabon

Yanka shi a miƙe, ba a karkace ba. Tsawon ya zama da ɗan sassauci, domin inji yana rawa a kan ƙafafunsa na roba, matata da bawul kuwa a kafe suke a jikin jirgi. Tiyon da aka ja ya yi tsam, duk girgizar inji a wuyan bawul take sauka. In mai waya ne, lanƙwasa ƙarshen wayar ya koma cikin roba.

Zura kilif a jikin tiyo kafin ka ɗora shi. Kowa ya taɓa mantawa sau ɗaya. Tsoma bakin a ruwan zafi na 'yan mintoci, ka shafa ruwan sabulu kaɗan, ko ruwan maganin inji in hanyar rufaffiya ce. Ban da giris, ban da baƙin mai: suna lalata robar, kuma santsinsu ba ya bushewa, tiyon na iya zamewa daga baya. Tura shi har ya kai ƙarshen bakin ƙarfe.

Kilif yana zama bayan tudun da ke bakin bututu, da tazarar kamar milimita 6 daga ƙarshen roba. A kan tudun kansa ba ya riƙewa. Ka juya kan sukurun inda hannunka zai kai shekara mai zuwa, ba inda ya fi sauƙi yau da komai ke kwance ba.

Game da kilif biyu: ƙa'idar ABYC, ƙungiyar Amurka mai tsara ƙa'idojin jiragen ruwa, ta wajabta su a haɗin salansa, kuma al'ada ce mai kyau a duk haɗin da ke ƙasan matakin ruwa. Amma da sharaɗi. Dole bakin ƙarfen ya kai tsawon da zai ɗauki biyun. In na biyu ya faɗa bayan ƙarshen ƙarfe, roba zalla yake matsewa, zai yanke ta ko ya jawo tiyon waje. A irin wannan hali kilif ɗaya mai kyau ya fi, ko ka canza bakin da mai tsawo. In biyun sun samu wuri, sukurorinsu su kalli ɓangarori daban-daban.

Ɗaure da soket, domin sukudireba tana zamewa ta huda tiyo ko tafin hannu. Yawancin kilif masu sukuru ƙarfin murɗi na Newton-mita 3 zuwa 5 suke so. A hannu, ka tsaya in zoben ya ɗan nutsa cikin roba kuma tiyon ya ƙi juyawa. In roba ta fara bultsowa ta gefe, ka wuce gona da iri.

Bi hanyar da tsohon ya bi, sai in ka ga shaidar gogayya a jikinsa. Duk inda tiyo ke taɓa ƙarfe, ko gefen katako, ko ya kusanci bel, ka ɗaure shi ko ka naɗa masa gutsuren tsohon tiyo ya zama riga. In injinka yana zaune daidai da matakin ruwa ko ƙasa da shi, za ka ga wani tiyo da ya hau sama ya yi baka ya sauko, da ɗan bawul a ƙololuwarsa. Kada ka gajarta shi don aiki ya yi kyan gani. Shi ke hana ruwan teku ci gaba da zuƙowa bayan an kashe inji har ya cika salansa ya gangara cikin silinda. Wanke ɗan bawul ɗin, gishiri yana toshe shi.

Cikawa da gwaji

Rufe magudanan da ka buɗe. Haɗa maganin da tataccen ruwa rabi da rabi, sai in wanda aka riga aka haɗa ka saya. Ka yi amfani da irin wanda littafin injin ya ce, kada ka dogara da kala, kuma kada ka gauraya iri biyu, wasu in sun haɗu suna yin kauri su toshe hanya. Zuba a hankali, ka buɗe sukurun fitar da iska in akwai, kana matsa manyan tiyo. In abin da ya shiga bai kai abin da ya fito ba, iska ta maƙale, kuma sau da yawa a layin tankin ruwan zafi take.

In za ka samu famfon gwajin matsi, ɗora shi a bakin murfi ka hura zuwa lambar da ke rubuce a murfin, galibi tsakanin 7 da 15 a ma'aunin matsi na psi. Allura ta tsaya cak na minti goma sha biyar. Gara ka ga yoyo yanzu da inji ke sanyi.

Cika matata da ruwa, rufe murfinta, buɗe bawul ɗin gindi, ka tsaya ka duba kowane haɗi da busasshen tsumma kafin ka taɓa mukulli. Tayar da inji ka leƙa bakin salansa nan take. In ruwa bai fito ba cikin daƙiƙa 30, kashe. Mafi yawa iska ce ke shiga ta murfin matata ko ta wani kilif na ɓangaren tsotsa, wanda ba ya ɗiga ko kaɗan amma yana shaƙar iska. In kuma injin ya ƙi tashi, kada ka yi ta ba shi sitata bawul a buɗe: famfo yana tura ruwa cikin salansa, babu hayaƙin da zai kore shi, sai ya taru ya koma cikin inji. Rufe bawul, ka buɗe da zarar ya kama.

Bar shi ya kai zafin aikinsa, wanda a yawancin waɗannan injina yake tsakanin digiri 75 da 90 a ma'aunin Salsiyas. Kashe, ka jira ya huce, ka ƙara ruwa, ka sake bin kowane kilif, domin sabuwar roba tana lafawa bayan zafin farko. Tsugune ba ta ƙare ba sai ka fita da jirgi ka ba shi wuta sosai na kamar minti goma, wani yana riƙe da sitiyari kai kana kallon allurar zafi da tiyon tsotsa ko zai shafe. Bayan awa goma na aiki ka sake bin kilif ɗin sau ɗaya.

Rubuta wata da shekara a jikin kowane tiyo da alƙalamin fenti, ka sa awo da lambobin a littafin jirgi. Daga cikin tsofaffin masu lanƙwasa, zaɓi waɗanda suka fi lafiya ka wanke ka ajiye a jirgi tare da ragowar sabon tiyo, kilif huɗu ko biyar na kowane girma, da soket ɗin da ya dace da su, duka a jaka ɗaya kusa da ƙofar ɗakin inji.